Jan Fenti a Jikin Maɗacin Kurmin Tamba

Daga:
Malam Mujtaba Sa'idu,
Sakataren Ƙungiyar Raya Kurmin Tamba,
Argungu, Jihar Kebbi.

13 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sa Ido kan Kurmi da Filayen Jama'a na Kwarin Rima,
Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN IZININ SARE ITATUWA DA AKA BAYAR A KURMIN TAMBA, KUSA DA GULMA, TARE DA ROƘON A DAKATAR DA SHI KAFIN LITININ, 20 GA JANAIRU

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwar girmamawa gare ka da sauran membobin kwamiti, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya, ya kuma ba ka sararin karanta ta har ƙarshe. Na yi ƙoƙarin taƙaita ta, ta ƙi taƙaituwa, sai ka yi mini haƙuri.

Kafin in shiga ƙorafin, ya dace in gabatar da mu. Ƙungiyarmu ƙarama ce. Yawancinmu malaman makaranta ne a Argungu da Birnin Kebbi, sai 'yan kasuwa kaɗan, cikinsu har da Alhaji Lamidi mai sayar da kayan gini a unguwar Nasarawa. Babu mai sarauta a cikinmu, babu mai muƙami. Wanda ya tara mu shi ne marigayi Malam Irimiya, malamin aikin gona, wanda muka daɗe muna koyarwa a makaranta ɗaya, teburinsa yana kallon nawa. Ya zo Kebbi daga ƙasar Filato yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan aka haifa masa ɗiyarsa Hope, wadda yanzu take aji huɗu na firamare, tana zaune da mahaifiyarta, Malama Veronica, a unguwar Gesse.

Abin da muka rasa shi ne itacen da za mu nuna wa yara. Wata rana Malam Irimiya ya zana maɗaci a kan allo, da rassansa da saiwoyinsa, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye shi ko wani irin dogonyaro ne. Ajin bai yi dariya ba, domin babu wanda ya fi ta sani. Ya dawo ɗakin malamai da alli a hannunsa, ya zauna ya ba ni labarin abin da ya faru. Daga Argungu har Gulma gonaki ne da dogonyaro, sai gawo ɗaya nan ɗaya can. Wuri guda ya rage da yaro zai shiga ya ɗaga kai ya kasa ganin sama, shi ne Kurmin Tamba.

Kurmin yana kan wani tudu yamma da ƙauyen Tungar Tamba, yana kallon fadama. Akwai ƙirya da marke da kanya da ɗinya da tsamiya da ɗorawa a cikinsa, wasunsu ko mutum biyu ba sa iya rungume su. A tsakiyarsa akwai maɗaci guda wanda dattawan ƙauyen suka ce kakanninsu ma a haka suka tarar da shi. Ko da rana tsaka, cikin kurmin da duhu-duhu, da sanyi irin na cikin randa. Dalilin da ya sa gatari bai taɓa shiga ba kuwa, kowa a ƙauyen ya san shi. Dattawa sun ce a wata shekara, zamanin kakanninsu, gulbi ya cika ya shanye maƙabarta, sannan ciwo ya biyo bayan ruwan ya kwashi mutane, yawancinsu yara ƙanana. Tudun nan kaɗai ne busasshen wuri, don haka a gindin itatuwan aka rufe su, aka jera fasassun tukwane a kansu, aka mayar da ƙasa, ba a sa alama ba. Tun daga lokacin mata suna shiga tsintar tsamiya da ɗorawa, amma suna rage murya, kuma suna fita kafin la'asar.

Da muka ji ana zawarcin tudun don a mai da shi gona, sai muka haɗa abin da Allah ya hore mana muka saye shi, ranar Asabar, 16 ga Maris, 2019, daga hannun Malam Ummaru, jikan Tamba, a gaban mai gari da shaidu. Safiyo, wato mai awon ƙasa, ya kafa turakun siminti a kusurwoyi, aka kuma ajiye kwafin takardar ciniki a ofishinku. Manufarmu a rubuce take a cikinta: a tsare tsofaffin itatuwa, a dasa sababbi a inda ya yi fili, a riƙa kawo ɗalibai.

Akwai wani abu da ya faru a ranar cinikin wanda dukan wannan magana ta rataya a kansa, don haka zan bayyana shi dalla-dalla. A Tungar Tamba da ƙauyukan da ke kewaye da ita, itace ba ya bin ƙasa a ciniki. Idan aka raba gado, sau da yawa maza suna ɗaukar ƙasa, mata suna ɗaukar itatuwan da ke kanta. Idan mai sayarwa yana nufin itatuwa suna cikin cinikin, to yayin da ake zaga iyaka sai ya tsaya a gaban kowane babban itace ya dafa shi da tafin hannunsa, shaidu suna gani. Suna kiran wannan dafa icce. Abin da aka dafa ya shiga ciniki, abin da ba a dafa ba yana nan ga mai shi. Mun zaga kurmin nan kaf tare da Malam Ummaru, hannuwansa biyu a bayansa tun daga farko har ƙarshe. Ni haifaffen cikin Birnin Kebbi ne, ban taɓa sayen gona ba. Malam Irimiya da Alhaji Lamidi kuwa a garuruwansu ba haka ake yi ba. Har muka yaba wa mutumin a hanyar komawa, muna cewa dubi ladabi, yana tafiya gaban malamai kamar ɗalibi. Mutanen ƙauyen da ke wurin duk sun ga hannuwan nan, sun kuma fahimci abin da suke nufi. Ba su ce mana komai ba domin sun ɗauka mun sani, tun da da safiyar ranar sun ga mun shiga gaida Inna Hajo, gwaggon Malam Ummaru, wadda ita ce ta gaji itatuwan daga mahaifinta. Mu gaisuwar tsohuwa muka je yi. Ta sa mana albarka, ta ba mu daddawa a ganye, ta ce mu riƙe mata yaran nan da kyau. Mun zaci ɗalibanmu take nufi.

Muddin Inna Hajo tana raye, ba mu taɓa gane akwai giɓi a cinikinmu ba, domin ita ma abin da muke so shi take so. Mun kewaye gefen da dabbobi ke shigowa da waya da ƙaya, mun bar burtali a buɗe don kada mu takura wa makiyaya. Mun rena dashe a leda a bayan makaranta, muka riƙa kai shi kurmin da damina. Da rani Alhaji Lamidi yana kawo ruwa a jarkoki cikin a-kori-kurarsa kowace Asabar, yana mita tun daga Argungu cewa ya kai siminti gidajen manya da yawa amma bai taɓa yi wa wanda ba ya cewa an gode aiki ba sai itace, yana kuma kiran Malam Irimiya Sarkin Dawa marar ko gwafa. Shi kuma Malam Irimiya yana rama masa da cewa ruwan da motar ke zubarwa a hanya ya fi wanda take isarwa, nan gaba kurmi zai tsiro a kan kwalta.

Malam Irimiya ne ya sa wa itatuwan suna. Yakan tara gwangwanayen madara, ya buɗe su ya daddale, ya ɗauki ƙusa da guduma ya huda sunan itacen harafi bayan harafi, sannan ya rataya da waya sako-sako don kada ta shaƙe itacen idan ya ƙara kauri. Idan iska ta taso, gwangwanayen suna bugun ɓawo suna wata 'yar ƙara, kamar awarwaro a gidan maƙwabta. Da farko Inna Hajo ba ta so ba, ta ce zai tashi masu barci. Bayan ta shiga ta saurara da kanta, sai ta aiko a gaya masa ya bar su, ai yara suna son abin kaɗawa.

A watan Agusta na 2022 Malam Irimiya ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, ya rasu. 'Yan uwansa suka ɗauki gawarsa zuwa garinsu. Tafiyar tana da nisa da tsada, sau ɗaya kawai Malama Veronica ta samu ta kai yarinyar kabarin. Shi ya sa Hope take bin mu kurmin kusan kowace Asabar. A jikin gwangwanayen nan ta ƙarasa koyon karatu, tana bin hujin ƙusa da ɗan yatsanta. Na maɗacin shi ne na ƙarshe da mahaifinta ya rataya, ita ce ma ta riƙe masa wayar a ranar. Idan mun isa, takan wuce mu ta je gindinsa ta tsaya, ta gaida babanta, ta ba shi labarin makaranta da wanda ya tsokane ta da abin da mamanta ta dafa. Cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, kuma kowa ya san abin da addininsa ya ce game da inda matattu suke. Babu wanda ya taɓa samun ƙarfin zuciyar gyara mata.

Inna Hajo, Allah ya jiƙanta, ta rasu a farkon shekarar 2024, itatuwan suka koma hannun ɗanta Ja'afar. Daga nan ne abubuwan da nake ƙorafi a kansu suka fara, ga su kamar haka:

1. An ba da izinin sara a cikin filinmu ba tare da an sanar da mu ba. Ranar Litinin, 18 ga Nuwamba, 2024, mai gadin da muka ɗauka don kurmin ya kira ni ya ce ga wani jami'i daga kwamitinku ya shiga kurmin da bokitin fenti, tare da wani ɗan kwangilar gawayi da katako. Na bar aji na hau babur. Da na isa na tarar an riga an shafa jan fenti a jikin manyan itatuwa, alamar an yarda a sare su. A nan ne na fara jin cewa Ja'afar ya sayar wa ɗan kwangilar itatuwan, a nan kuma mai gari ya bayyana mini maganar dafa icce, yana mamakin yadda ban sani ba. Ba zan rubuta sunan jami'in ba, ofishinku ya san shi. Tsohon ɗalibinmu ne, ni da marigayin. Da ya gan ni ya cire hula ya durƙusa, ya ce shi aike ne aka yi masa. Ina tsaye ya isa gaban maɗacin. Ya sa yatsa ya ɗaga gwangwanin gefe, ya shafa fentin a ƙarƙashinsa, ya jira ya ɗan sha iska, sannan ya mayar da gwangwanin a hankali yadda yake. Bai bari ko ɗigo ya taɓa rubutun malaminsa ba. Ba na neman a hukunta yaron nan. Ina tambaya ne yadda aka yi ofishin da ke riƙe da kwafin takardarmu ya aiko shi filinmu bai aiko mana da ko layi ɗaya ba.

2. Ba a amsa takardar ƙin amincewarmu ba. Mun kawo ta ofishinku ranar 21 ga Nuwamba, aka karɓa aka buga mata hatimi. Na dawo bibiya ba sau ɗaya ba. An ce mini fayil yana wurin wanda ya yi tafiya, daga baya aka ce yana kan teburinka, daga baya kuma aka ce a al'adance itatuwan ba namu ba ne, don haka babu abin dubawa. Ban ji haushin ma'aikatan ba, sun ba ni kujera, sun ba ni ruwa. Amma har yau babu amsa a rubuce.

3. An lalata abin da babu mai musun namu ne. Ranar Litinin, 9 ga Disamba, aka fara sara da inji. Don babbar mota ta samu shiga, an yanke wayarmu ta gefen gabas, aka bi ta kan dashen da muka yi shekara biyar muna shayarwa. Ƙananan maɗatai da kanya da ɗorawa ne, wasu sun kai ƙugun mutum, wasu sun fi ni tsawo. Yara ne suka dasa su, kowane aji da layinsa. Ko a al'adar da aka kafa mana hujja da ita, wanda ya dasa shi ke da itace. Alhaji Lamidi ya zo ya tsaya a kan sawun tayar ya duba, ya koma motarsa ya zauna. Jarkokin da ya kawo a ranar, da ruwansu ya mayar da su gida.

4. An haƙa ramukan gawayi a cikin ƙasar da muka saya, kuma a wurin da bai kamata a sa fartanya ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Ranar Asabar, 14 ga Disamba, na tarar da ramuka uku a gefen arewa, biyu suna hayaƙi, na ukun an bar shi rabi. A bakin na ukun akwai ƙasar da aka tono, cikinta da fasassun tukwane, baƙaƙe, irin ginin da yanzu ba a yi. A cikin ramin kuma na ga sauransu a jere, an kifa su ɗaya kusa da ɗaya, tsawon jerin bai wuce kamu uku ba. Ban ga ƙashi ba, kuma ba zan ce na gani ba. Na dai san abin da dattawa suka faɗa, na kuma san tsawon yaro. An gaya mini leburori biyu sun ajiye shebur a ranar sun tafi ko kuɗin aikinsu ba su tsaya karɓa ba. Ni da mai gari da limamin ƙauyen muka mayar da tukwanen, muka rufe ramin da hannuwanmu, muka yi addu'a. Sauran biyun da ke cin wuta ba mu san abin da ke ƙarƙashinsu ba. Izinin da ofishinku ya bayar na sara ne. Ban ga inda ya ce a haƙa ba, amma izinin nan ne ɗan kwangilar yake nuna mana duk lokacin da muka yi magana.

5. An ɗauki rabin al'ada an bar rabi. Ranka ya daɗe, ba mu musun cewa itatuwan na Ja'afar ne. Mun zauna da mai gari da dattawa sun karanta mana al'adar tun daga tushe, mun kuma yarda da ita. Sai dai sun ce al'adar ba ta tsaya nan ba. Mai itace a ƙasar wani yana da 'ya'yan itacen, da reshen da ya faɗo da kansa, da hanyar ƙafa zuwa gindinsa. Ba shi da ikon shigo da mota, ba shi da ikon haƙa rami. Idan kuma zai sayar, mai ƙasa ake fara yi wa tayi, sai ya ce ba ya so sannan a nemi wani. Ba a yi mana tayi ba. Na je na sami Ja'afar a gidansa, ban same shi mugun mutum ba. Ruwa ya cinye masa shinkafa a fadama a daminar da ta wuce, ga iyali, ga ɗan kwangila ya zo har ƙofar gida. Ya ce ya ɗauka mu malamai ne masu takarda, da muna son itatuwan da tuni mun nema. Tun ranar da aka tono tukwanen bai sake bin hanyar tudun ba, ya ce mini ko a sallah yake sai ya ji kamar mahaifiyarsa tana tsaye a bayansa. Ya faɗa a gaban mai gari cewa a shirye yake ya zaga da mu ya dafa duk itacen da ya rage. Mu kuma a shirye muke mu mayar wa ɗan kwangilar abin da ya biya a kan waɗanda bai sare ba. Ɗan kwangilar ya ƙi. Ya ce ribarsa duk tana jikin maɗacin, masu sassaƙa jirgin ruwa sun riga sun zo sun gani, kuma yana da takardar hukuma. Ya sanar da mai gari cewa ranar Litinin, 20 ga wannan wata, zai kawo babban inji daga wani gari, domin nasa ya yi wa maɗacin kaɗan.

6. Halin da kurmin yake ciki yanzu. An sare fiye da rabin manyan itatuwan gefen gabas da arewa. Rana tana sauka har ƙasa a wuraren da ba ta taɓa sauka ba, ganyen da ya shekara da shekaru yana ruɓewa a inuwa ya bushe yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Tsuntsayen da ke kwana a ƙiryoyin sun tashi. Matan ƙauyen sun daina shiga tsinta, ko a gefen da ba a taɓa ba, sun ce ba su san da wace fuska za su shiga ba. Masu saran ba su cire gwangwanayen ba kafin su kayar da itatuwan. Wasu mun tsince su a cikin toka sun yi baƙi, wasu a maƙale a ƙarƙashin kututture. Hope ce take tattara su, tana wankewa, tana jera su a cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gadonta. Mahaifiyarta ta ce wani lokaci takan fito da su ta karanta sunayen a jere kamar mai kiran rajista.

Zan ƙara wani abu a nan wanda na san ba hujja ba ce a ofis, kana iya tsallake shi. Ni mutum ne mai koyar da lissafi, ba na cikin masu ganin abubuwa. Amma sau da yawa yanzu, idan na tsaya a gefen gabas inda babu sauran itace ko gwangwani, iska ta taso, sai in ji 'yar ƙarar nan a daidai inda take a da. Na san kunne yana riƙe abin da ya saba ji. Na gaya wa kaina haka. Duk da haka nakan sami kaina na rage murya, ina kuma duba inuwata don in fita kafin la'asar.

Saboda abubuwan da na zayyana, muna roƙon mai girma Shugaba, cikin ladabi da biyayya:

(a) Ya dakatar da izinin saran nan take, a kuma isar da dakatarwar ga ɗan kwangilar da mai gari a rubuce kafin ranar 20 ga Janairu. Wannan shi ne roƙonmu na gaggawa. Sauran duk suna iya jira. Itacen da aka kayar ba a mayar da shi.

(b) Ya kira zama da mai gari da dattawan Tungar Tamba da Malam Ummaru da Ja'afar da ɗan kwangilar da mu, a saurari al'adar gaba ɗayanta daga bakin masu ita, a ba mu haƙƙinmu na tayin farko.

(c) Ya turo wakili ya tsaya shaida ranar da Ja'afar zai dafa itatuwan da suka rage, a rubuta hakan a haɗa da takardarmu ta 2019, don kada wani ya sake faɗawa inda muka faɗa.

(d) Ya hana haƙa kowane irin rami a kan tudun, a kashe wutar da ke ci, a bar mutanen ƙauyen su rufe wuraren yadda ya dace da waɗanda ke kwance a ciki.

Maganar dashen da aka tattake da wayar da aka yanke mun bar ta ga adalcin kwamiti. Mun riga mun sake cika leda a bayan makaranta. Mu malamai ne, mun saba fara abu daga farko kowace shekara.

Ranka ya daɗe, shekaranjiya Asabar na je kurmin tare da Malama Veronica da Hope. Yarinyar ta ji manya suna ta maganar dafa icce a gidansu, ba mu san tana saurare ba. Da muka isa gindin maɗacin, ta kira ni in zo in tsaya in gani, sannan ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a kan jan fentin, ta daɗe a haka, ta juyo ta tambaye ni ko shi ke nan ya zama namu. Na durƙusa na yi mata bayani yadda zan yi wa ɗalibi, cewa hannun mai itacen ake bukata, shi kuma ba zai iya ba sai an janye wata takarda da ke Birnin Kebbi. Ta saurara har na gama. Mahaifiyarta ta ce to a cire gwangwanin a tafi da shi gida tun yana da kyau, kada ya ƙone kamar sauran. Na kai hannu zan kwance wayar, yarinyar ta riƙe mini hannun riga. Ta ce a bar shi inda babanta ya sa shi. Muka bar shi.

Ba ta san mene ne izini ba, ba ta san mene ne kwamiti ba, ba ta kuma san sunanka ba. Abin da ta fahimta shi ne, idan aka sare maɗacin nan ranar Litinin, ba ta da sauran wurin da za ta je ta gaida babanta.

Ina roƙon afuwa idan wata kalma ta fi ƙarfin matsayina. Allah ya taimake ka a kan wannan aiki, ya sa ka gama lafiya.

Naka cikin girmamawa,

Malam Mujtaba Sa'idu,
Sakatare, a madadin Ƙungiyar Raya Kurmin Tamba.

Kwafi zuwa ga:
Mai Garin Tungar Tamba.